Ƙaddara, Sababi da Kujerar Jariri a Mota

Kujerar yara mai juyawa kujera ce da ake ɗaurawa a kan kujerar baya ta mota, a zaunar da jariri a cikinta fuskarsa na kallon baya tun yana sabon haihuwa, idan ya girma ya kai wani nauyi ko tsawo kuma a juya ta ya koma kallon gaba. Ta bambanta da ƙaramar kujerar jarirai mai mariƙi, wadda ake cirewa a shiga da ita gida. Ita wannan zama take yi a mota, tana bin girman yaro shekara da shekaru. Yawancin waɗanda ake ƙerawa don kasuwar Amurka suna ɗaukar yaro yana kallon baya har ya kai kilo 18 zuwa 22, yana kallon gaba kuma har wajen kilo 30. A zahiri zaɓen irin wannan kujera maganar kasuwa ce da awo da kuɗi. Amma a gidajen Musulmi da yawa, kafin a kai ga tambayar wacce za a saya, akwai wata tambaya ta tauhidi da kan riga ta zuwa: idan ajalin yaro a rubuce yake tun kafin a haife shi, me kujerar roba da soso za ta ƙara masa, me kuma rashinta zai rage?

Bai kamata a raina wannan tambaya ba. Mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko ƙaddara ta riga fata, yana tsaye ne a kan ɗaya daga cikin rukunan imani. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har Damagaram, ta sa yarda da ƙaddara cikin abubuwan da dole zuciya ta ƙudurce. Kowa kuma ya taɓa jin labarin motar da ta yi kaca-kaca jariri ya fito ba ko ƙwarzane, da na wanda aka yi duk tanadin da ya kamata amma kwana ya ƙare. Abin dubawa shi ne ko wannan imani yana ɗauke wa uwa da uba nauyin yin tanadi. Ba za a iya yanke hukunci a kai ba sai an fara sanin abin da ke faruwa da jikin yaro a cikin haɗari, domin malaman fiƙihu sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, gudun da ake yi a tsakiyar gari ba tare da an ji ana sauri ba, idan ta daki wani abu ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta zai ci gaba da tafiya da wannan gudu har sai ya sami abin da zai tare shi. A lissafi wannan daidai yake da faɗowa daga tsawon kusan mita 10. Tsayawar tana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, kuma a wannan ɗan lokaci nauyin yaro yakan ninka sau gommai, ta yadda mai kilo 10 zai fizgi hannun da ke rungume da shi da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Babu uwar da ke da wannan ƙarfi a damtsenta, komai son da take yi wa ɗanta. Idan ita ma ba ta sa bel ba, jikinta ne zai danne yaron a jikin dashbod ko bayan kujerar gaba. Idan kuma ta zagaya bel ɗaya ya ɗaure su tare, nauyinta ne zai matse cikinsa. Wannan magana tana da ɗaci a wurin mutanen da suka tashi suna ganin goyo da cinyar uwa su ne mafakar yaro daga rana da sanyi da tsoro, kuma haka suke a ko'ina, ban da cikin mota mai gudu.

Dalilin zaunar da jariri yana kallon baya yana cikin halittar jikinsa. Kansa babba ne idan aka gwada da sauran jiki, yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, alhali na baligi wajen kashi shida cikin ɗari ne. Ƙasusuwan wuyansa ba su gama ƙwari ba, akwai guringuntsi da yawa a cikinsu, jijiyoyin da ke riƙe da su kuma suna miƙewa fiye da yadda lakar da ke cikinsu za ta jure. Mafi yawan munanan haɗurra ta gaba mota ke dakar abu. Idan yaro na kallon gaba, maɗauri zai riƙe kafaɗunsa, kai kuma ya yi gaba da ƙarfi, wuya ya ɗauki dukkan fizgar. Idan yana kallon baya, bayan kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya lokaci guda, ƙarfin dukan ya bazu a faɗin jiki. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, yana cikin waɗanda suka fara fito da wannan tsari a shekarun 1960, bayan ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama jannati a kan bayansu don su jure fizgar tashin kumbo. A 1964 aka gwada samfurinsa na farko. Har yau iyaye a Suwidin sukan bar yaro yana kallon baya har ya kai wajen shekara huɗu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar yara tana rage haɗarin mutuwa a ƙananan motoci da kashi 71 cikin ɗari ga jarirai, da kashi 54 ga masu shekara ɗaya zuwa huɗu.

Waɗannan alƙaluma suna nuna abu biyu a lokaci guda: kujerar tana tsirar da yara da yawa, kuma ba ta tsirar da kowa. Malaman tauhidi sun daɗe da tanadar wa irin wannan lamari mazauni. A mazhabar Ash'ariyya, wadda ita ce aka fi karantarwa a tsoffin makarantun ilimi na ƙasar Hausa, alaƙar da ke tsakanin sababi da abin da ke biyo bayansa alaƙa ce ta al'ada da Allah ya gudanar. Imam Ghazali ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa: ido yana ganin ƙuna ya auku a lokacin da suka haɗu, amma ido ba ya ganin cewa wutar ce da ikon kanta ta halicci ƙunar. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma littattafansa na aƙida suka yaɗu sosai a Afirka ta Yamma, ya bi wannan hanya, ya bambanta hukuncin hankali da na shari'a da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da cewa abu kaza yana tafiya tare da abu kaza saboda an ga hakan ta maimaitu, tare da yarda cewa yana iya saɓawa, kuma ba ɗayansu ne ke yin tasiri da kansa ba.

Sau da yawa ana ɗaukar rabin wannan bayani a bar rabi. Cewa wuta ba ta ƙona abu da ikon kanta bai taɓa sa wani malami ya halatta wa uwa ta bar mai rarrafe kusa da murhu ba. Al'adar da Allah ya gudanar a halittarsa abin girmamawa ce, wanda ya yi watsi da ita yana jiran a keta masa ita ya yi rashin ladabi ga wanda ya tsara ta. Yadda jiki mai gudu ke ci gaba da gudu idan mota ta tsaya, da yadda wuyan jariri ke kasa ɗaukar nauyin kansa, duk suna cikin wannan al'ada, daidai da ƙunar wuta da ƙoshin abinci. Mai imani da ya saya wa ɗansa kujera bai ce kujerar ce ke rayawa ba. Ya bi hanyar da aka saba samun tsira ta cikinta ne, zuciyarsa kuma tana wurin wanda ke ba da tsirar.

A babin tawakkali na Ihya'u Ulumid Din, Ghazali ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku. Akwai tabbatattu, kamar ruwa ga mai ƙishirwa da abinci ga mai yunwa, waɗanda barinsu ba ya cikin tawakkali ko kaɗan, haramun ne ma idan ana tsoron halaka. Akwai waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, kamar magungunan likitoci, waɗanda riƙo da su ba ya karya tawakkali. Akwai kuma na wahami, waɗanda amfaninsu zato ne kawai mai rauni, barinsu shi ya fi dacewa da mai dogaro ga Allah. Kujerar yara ba ta cikin kashi na uku, domin an yi shekaru sittin ana gwada ta da gumakan awo a ɗakunan gwaji, ana kuma bin diddigin haɗurran da suka auku a kan titi. Ba ta kai ruwa ga mai ƙishirwa tabbas ba, tunda yawancin tafiye-tafiye ana yin su a dawo lafiya ko da ita ko ba ita. Mazauninta shi ne can saman kashi na biyu, inda zato ya yi ƙarfi har ya kusa zama yaƙini. Abin lura a nan, gida guda yakan kashe kuɗi a kan laya da kambun da za a rataya wa jariri ko a saƙale a madubin mota, amma ya ga kujera a matsayin ƙarancin tawakkali. A ma'aunin Ghazali an juya lissafin ne kai ƙasa.

Sunna cike take da riƙo da sababi. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. A hijira an ɓuya kwana uku a kogon Sauru, an ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, an bi ta gefen teku maimakon hanyar da aka saba. A yaƙin Uhudu Annabi ya sa sulke biyu. Akwai hadisai a Bukhari da ke umartar a tsare yara a gida idan magariba ta kawo jiki, a rufe tukwane, a kashe fitila kafin barci don gudun gobara. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kwana a kan soron da ba shi da katangar da za ta tare shi. A cikin Alƙur'ani, Annabi Yaƙubu ya umarci 'ya'yansa su shiga Masar ta ƙofofi daban-daban, a wuri guda kuma ya shaida musu cewa wannan dabara ba za ta tunkuɗe hukuncin Allah ba. Bai ga saɓani tsakanin maganganun biyu ba, Alƙur'ani kuma ya siffanta shi da ilimi a ayar da ke biye. Kiristocin Hausa suna da makamancin wannan a littafin Maimaitawar Shari'a, inda aka umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da katanga don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau gidansa.

Amsar da ta fi kai wa ga tushen matsalar ita ce ta Sayyidina Umar lokacin annobar Amwas. Yana kan hanyar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarga, sai labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke. Bayan shawara ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, ya ba shi misalin makiyayi da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma hakan bai mayar da zaɓin biyu ɗaya ba. Kuskuren mai cewa kujera ba ta hana ajali shi ne yana sa ƙaddara a gefe guda, tanadi a ɗaya gefen, kamar masu ja-in-ja. Alhali ƙaddara ta haɗa har da tanadin. Yaron da aka rubuta zai tsira, mai yiwuwa an rubuta cewa zai tsira ne ta hanyar uban da ya tsaya ya ja maɗauri ya tabbatar ya kama. Ba wanda aka nuna wa abin da ke Lauhul Mahfuz, don haka ba wanda zai iya aiki da shi. Abin da aka ɗora wa bawa shi ne aiki da umarni da kuma abin da hankali ya gano.

Duk wannan ya shafi kowane tanadi, har bel ɗin da direba ke sa wa kansa. Lamarin jariri yana da ƙarin nauyi. An ruwaito cewa wasu bayin Allah na gari sun bar magani da kansu, sun zaɓi haƙuri da cuta, malamai kuma suka nema musu uzuri domin jikinsu ne da yaƙininsu. Jariri bai zaɓi shiga mota ba, bai zaɓi inda za a zaunar da shi ba, ba shi da bakin da zai ce a rage gudu. Tawakkali aikin zuciya ne, kowa nasa yake yi, ba a yi wa wani. Uban da ya bar ɗansa a sake a kujerar gaba da sunan dogaro ga Allah ya sa ran da ba nasa ba cikin haɗari, ran da aka ba shi ajiya. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kira kowane mutum makiyayi da za a tambaya game da abin kiwonsa, ya ambaci miji da iyalinsa, mace da gidan mijinta da 'ya'yansa. Kiyaye rai da kiyaye zuriya suna cikin manufofi biyar na shari'a da Ghazali ya jera a Almustasfa, Shaɗibi kuma ya faɗaɗa su a Almuwafaƙat. Ƙa'idar waliyyi a fiƙihu ita ce ba ya taɓa dukiyar yaro sai ta hanyar da ta fi masa amfani. Idan haka ake tsanantawa a kan dukiyarsa, wuyansa da ƙwaƙwalwarsa sun fi cancanta.

Idan tanadin ya zama nauyi, sanin yadda ake yin sa shi ma ya zama nauyi, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan rabin kujerun yara ba a ɗaura su daidai ba. Kujera mafi kyau ita ce wadda ta dace da yaron, ta zauna daram a motar da ake da ita, kuma mai kula da yaron zai iya ɗaura ta daidai kullum, ko da ba ita ce mafi tsada ba. Ana duba tambarin ƙa'ida a jikinta: na Turai takarda ce ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira, da lambar R129 ko tsohuwar R44, na Amurka kuma yana ambaton FMVSS 213. Ana ɗaura ta ko da ƙugiyoyin ISOFIX da ke tsakanin mazauni da majinginin kujerar baya, ko da bel ɗin motar idan tsohuwa ce ba ta da su. Bayan an ɗaure, a kama ta daidai inda bel ya ratsa a girgiza, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Ga sabon haihuwa dole ta kwanta zuwa kusurwar da alamar da ke gefenta ta nuna, don kada kansa ya rinjayo gaba ya toshe masa numfashi. Yayin da yake kallon baya, igiyoyin kafaɗa suna fitowa daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, a ja su har sai an kasa tsunkulo igiyar da yatsu biyu a kan kafaɗarsa. Rigar sanyi mai kauri ta lokacin hunturu tana barin sarari a ƙarƙashin maɗauri, gara a ɗaure shi da kaya marasa kauri a lulluɓa bargo daga sama. Kujera mai kallon baya ba a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska ke aiki, domin ƙarfin fashewarta yana dukan bayan kujerar daidai inda kan jariri yake.

Kujerun gwanjo suna buƙatar ƙarin kula, kuma su ne mafi yawan abin da ake samu da sauƙin kuɗi a kasuwanninmu. Roba tana tsufa, zafin mota da aka ajiye a rana a watan Afrilu yana ƙara gajiyar da ita, shi ya sa masu ƙerawa ke buga ranar ƙira a jiki su ba ta wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10. Wadda ta taɓa shiga haɗari tana iya samun tsaga da ido ba ya gani. Mai sayarwa da ya san tarihinta ya ɓoye ya faɗa cikin algus, kuma algus a kayan da rai ya rataya a kansu ya fi na mudu muni.

Wurin da kujera mai juyawa ta fi gwada iyaye shi ne ranar juya ta. Yaro ya shekara ɗaya, ya fara tafiya, ƙafafunsa na taɓa majinginin kujerar mota, yana kuka yana son ganin uwarsa, baƙi kuma na cewa an takura shi. Ƙa'idar R129 da ta fara aiki a 2013 ta hana juya yaro kafin wata 15, amma wannan shi ne mafi ƙaranci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda a 2011 ta ba da shawarar a kai shekara biyu, ta sauya a 2018 ta ce a bar shi yana kallon baya har sai ya cika iyakar nauyi ko tsawon da kujerar ta yarda. Alamar da ake bi a yawancin kujeru ita ce idan saman kansa ya rage ƙasa da santimita biyu da rabi ya kai ƙarshen kujerar. Lanƙwashe ƙafa ba ya cutar da yaro, haka yake zama ko a tabarma. A nan abin da ke ja ba maganar ƙaddara ba ce kuma, tausayi ne da gajiya da son a huta da kuka. Tausayin da ke kallon hawayen yau ya manta da haɗarin da ba a gani ba yana da kyau a asalinsa, sai dai waliyyi an ɗora shi ne daidai don ya hango abin da yaro ba zai hango ba. Bayan an juya kujerar, igiyoyi suna komawa daidai kafaɗa ko sama da ita, a kuma maƙala igiyar sama a ƙugiyar da ke bayan kujerar mota don rage nisan da kai zai yi gaba. Idan ya wuce wannan mataki sai kujerar ƙara tsawo, har bel ɗin manya ya zauna masa a kan kafaɗa da cinya, abin da ba ya faruwa sai tsawonsa ya kai santimita 135 zuwa 150.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ba a kamata a tsallake ba. Mafi yawan iyaye mata a Kano ko Maraɗi ba su da mota. A adaidaita sahu suke zuwa asibiti, a bayan babur, ko a motar haya da aka cusa mutum huɗu a baya. Ba inda za a ɗaura kujera, kuɗinta kuma yana iya fin abin da gida ke samu a wata. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, don haka babu laifi a kan matar da ba ta da zaɓi. Amma wata ƙa'idar ta ce abin da ya sawwaƙa ba ya faɗuwa saboda abin da ya gagara: zama a baya maimakon gaba, ƙin shiga motar direban da aka ga yana ganganci, da buɗe baki a ce ya rage gudu, duk suna cikin iko. Uzurin talaka kuma ba ya zama uzurin mai mota da ke iya sauya taya huɗu a rana ɗaya. Ragowar nauyin yana kan hukuma. A Amurka jihar Tenesi ce ta fara tilasta kujerar yara a 1978, bayan fafutukar wani likitan yara, Robert Sanders, zuwa 1985 duk jihohi sun bi. A Nijeriya an kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, ta fara tilasta sa bel a 2003, tana kuma jan kunne a kan zaunar da ƙananan yara a gaba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin biyayya ce ga shugaba a cikin abin da ya tsara don maslahar jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Saura abin da ake faɗa bayan abu ya riga ya faru. Masanin falsafa Thomas Nagel ya yi nazari a kan direbobi biyu da suka yi sakaci iri ɗaya, ɗaya yaro ya faɗo gabansa ɗaya bai gamu da kowa ba, ya nuna yadda mutane ke hukunta su daban alhali bambancinsu sa'a ce kawai. Musulunci ya raba lamarin biyu: zunubin sakaci yana kan duk wanda ya yi shi ko an dawo lafiya, diyya da kaffara kuma suna bin abin da ya auku, gwargwadon yadda alƙali ya ga sababin. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da mumini mai ƙarfi ya jera abubuwan bi da bi: kwaɗayin abin da ke da amfani, neman taimakon Allah, ƙin yin kasala, sannan idan musiba ta sauka a bar cewa da na yi kaza, a mayar da al'amari ga ƙaddara. Malamai irin su Ibn Taimiyya sun fitar da ƙa'ida cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Saboda haka a wurin ta'aziyya kalmar ƙaddara gaskiya ce kuma rahama ce, kuma zalunci ne a tsaya kan uwar da ta rasa ɗa ana lissafa mata abin da ba ta yi ba. Kalmar nan ita ce dai ke zama ɓarna idan aka faɗe ta da safe a ƙofar gida, mota na jira, don a guje wa minti biyu na ɗaure yaro. Iyalin da suka yi haɗari suka tsira kuma suna da aiki ɗaya da ya rage: kujerar da ta sha matsakaicin duka ko babba ba a sake amfani da ita ko da ba a ga tsaga ba, akan yanke igiyoyinta kafin a jefar don kada wani ya tsince ta ya kai kasuwa.